Sauya tsarin na'ura a duwan da banki: wa ke ɗaukar asara?

Yau ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ba ya fidda kaya a duwan sai takardunsa sun bi ta na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tsarin da duwan na ƙasarmu ke aiki da shi, SYDONIA, hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ƙirƙiro shi, kuma an sabunta shi sau da yawa. Sabuntawa dole ce. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yin ta, domin in aka yi gaggawa ɗan kasuwa ne ke kwana ciki.

Mu duba abin da ya faru a Gana. Ranar 1 ga watan Yuni 2020 tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda wasu ƴan kasuwarmu ke sauke kaya ta nan, ta koma kan sabon tsarin duwan mai suna ICUMS, aka kashe tsohon. Nan take aiki ya cije. Masu fiton kaya da yawa ba su goge da sabon tsarin ba, takardun da aka fara cikin tsohon suka maƙale, kontenoni suka taru. Kowace rana da kontena ta ƙara a tasha kuɗin jira ne kan mai kaya. Daga baya al'amura sun daidaita, amma an riga an yi asara.

Kada a ce matsalar ta Afirka ce kaɗai. A Ingila, cikin watan Afrilu 2018, bankin TSB ya kwashe bayanan mutum miliyon 5,2 zuwa sabon tsari cikin ƙarshen mako guda. Jama'a suka kasa taɓa kuɗinsu, wasu ma suka ga asusun da ba nasu ba. Bankin ya yi asarar fam miliyon 330, shugabansa ya sauka, sannan a 2022 hukuma ta ci shi tarar fam miliyon 48 da ƴan kai, bisa cewa bai tsara aikin da kyau ba.

Darasin guda ne. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idodi sanannu. Duk gyaran da aka nema ana tsakiyar aiki sai an rubuta shi, an lissafa kuɗi da lokacin da zai ci, an samu wanda ya sa hannu. Kowa ya san halin mai gida da ke sauya wa magini tsari bayan an kai linta. Sabon tsari kuwa ana fara gwada shi a ƙaramin ofis, a koya wa ma'aikata da masu fito, a bar tsohon yana aiki gefe, a kuma tanadi hanyar komawa baya in abu ya ƙi.

Mu ma muna da abin yi. Ranar da duwan, ko ma'aikatar haraji, ko banki suka sanar da sabon tsari, ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu sana'a su je su tambaya tun kafin ranar: ina aka gwada shi? Kwana nawa tsohon zai ci gaba da aiki? In na'ura ta tsaya, za a karɓi takarda? Wa zai biya kuɗin jira? A nemi amsa a rubuce, a kuma nemi a yi bayani da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo.

Mai albasa ko tumatir ba shi da kwana uku na jira. Saboda haka a kauce wa loda kaya masu lalacewa cikin makon sauyi, a adana kowane rasit, kuma kada a tara jari duka a asusu guda.