Masu Gadin Turanci Ba Su Daddara Ba

A shekarar 1710, marubuci Jonathan Swift ya koka a mujallar Tatler cewa kalmomi irin su "mob" da "banter" suna gurɓata Turanci. Yau alƙalai da malaman jami'a na furta su ba tare da ɗar ba. Ita ma "OK" da raha ta fara a wata jaridar Boston a 1839, ga shi ta game duniya.

Duk da haka, masu gadin harshe sun tasa "like" a gaba, kalmar da waƙar "Valley Girl" ta 1982 ta yi wa 'yan matan Kalifoniya ba'a da ita. Wai alamar jahilci ce. Alhali kalmar tana da aiki: tana gabatar da zancen wani, tana sassauta hukunci, tana nuna kimanin adadi, tana hana a katse mai magana. Bahaushe bai taɓa ɗaukar "wato" ko "dai" a matsayin wauta ba.

Abin dubawa shi ne waɗanda ake tsangwama. Binciken William Labov ya nuna cewa mata ne kan jagoranci sauyin harshe, kuma sara irin ta "cool" da "woke" daga bakin baƙaƙen fatar Amurka ta fito. Ana raina kalma muddin tana bakin masu ita. Da zarar ta shiga tallar kamfanoni, sai ta zama ado. Kafin nan kuwa, matashiyar da ta furta ta a ganawar neman aiki tana iya rasa gurbin da ta cancanta.