Lahadi a ƙarƙashin tsohuwar Peugeot

Duk wanda ya bi ta unguwarmu ta Dar es Salam ranar Lahadi da hantsi, in ya bar kwalta ya kutsa cikin rairayin lungu, zai iske wani gida da ƙofarsa a buɗe, da wata farar mota mai ƙofa biyu an ɗage gabanta, ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashi. Ƙafafun na maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, wanda bai taɓa koyon gyaran mota a garaji ba, amma yau shekara da shekaru ke nan babu makanikin da ya sa hannu a motar nan sai shi. Yaran fada na yi masa dariya, uwargida ta daɗe da gajiya da ƙorafin baƙin mai a wuyan riga, shi kuwa ko a jikinsa.

Motar ita ce Peugeot 504, amma ba irin wadda kuka sani ba. Wadda kuka sani, mai ƙofa huɗu, ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, aka ƙera fiye da miliyan 3, kuma tun 1975 aka riƙa harhaɗa Peugeot a Kaduna, inda 504 ta ci gaba da fitowa har bayan shekara ta 2000. Ta maƙwabcina ƙanwarta ce, wadda ake ce ma kupe: gajera, mai faɗin ƙirji, ƙofa biyu, an yi ta domin gudu da ado. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta ya kuma ƙera shi, daga 1969 zuwa 1983, kuma in an haɗa ta da ƴar'uwarta mai buɗaɗɗen sama ba su kai dubu 40 ba a duniya duka. Alhaji ya saye ta hannun wani Banasare da ya gama aikinsa zai koma gida, a zamanin da samarin Turai ke koro tsofaffin Peugeot ta Tamanrasset, Assamaka, Arlit da Agadas su sayar a Yamai su hau jirgi. Wannan hanya ta mutu a farkon shekarun 1990 saboda rikicin Aljeriya da tawayen arewa, kasuwar ta koma tashar ruwan Kwatano da gadar Gaya.

Ciki ɗaya ne da na babbar, ko kusa da haka, shi ya sa piston da sigma da buji ba su taɓa gagarar Alhaji ba. In babu sabo akwai na Kaduna, in babu na Kaduna akwai na gawar wata mota a Katako. Har ya iya harsuna biyu na sana'ar: abin da muke ce ma radiyata mutumin Kano lagireto ya sani, bujinmu shi ne fuloginsu, kuma wanda bai san wannan ba ya sha dawowa daga Maraɗi da abin da bai aika ba. Amma jikin motar nasa ne shi kaɗai. Ƙofa, gilashin gaba, fitilun baya, babu wanda na babbar 504 ke shiga. Ranar da wani yaro ya buga ƙwallo ta faɗa bisa gilashin, na ga dattijo ya fito da gudu babu takalmi.

To, abin da ya sa na ɗauko zancen a wannan mako, gardama ce ta tashi a gidan. Ɗansa na biyu, wanda ya gaji son motar, ya samo injin 505 GTI mai lita 2,2 a wurin wani mai kayan gyara, yana so a fidda tsohon inji a sa wannan, a yanke ƙarafan da ke ɗauke da motar ta kwanta ƙasa kamar yadda yake gani a bidiyon wayarsa, a sa tayu masu faɗi da bututun hayaƙi mai ruri. Ina zaune ya kawo maganar.

"Baba, motar gudu ce fa, ba ta zuwa kasuwa ba. Yadda take yanzu ko ɗan kabu-kabu wuce mu yake."

Alhaji bai ɗago ba. Ya ce, "Miƙo mini kile 13." Da ya karɓa sai ya ce, "In ta yi gudun, wa zai tsaida ta?"

A nan nake tare da uban, kuma ga dalilina. Gudu ba baƙo ba ne ga wannan mota. Ita 504 mai ƙofa huɗu ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, kupe mai injin V6 kuma ta ci na Bandama a Kodibuwa a 1976 tare da Timo Mäkinen, sannan a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa Safari da Bandama duka biyu da ita. Amma ku dubi hotunan waɗancan motoci. Babu wadda aka kwantar ƙasa. Ɗaga su aka yi, aka ƙarfafa amortisa, aka ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji domin dutse, aka ƙara walda a gaɓoɓin jiki. Mutanen da suka san gudu a ƙasar Afirka sun fara da tambayar ƙasa, kafin su tambayi inji. Mota mai kwanciya an yi ta ne domin kwalta mai santsi kamar faranti, mu kuwa a Dar es Salam ruwan Agusta ɗaya ya isa ya mai da lungu kwazazzabo. Wani abokin yaron ya riga ya gwada da 205 GTI tasa: ya yanke, ta kwanta, ta yi kyau sati biyu, sannan ta daki tudun rage gudu da cikinta, kaskon mai ya tsage, bai lura ba har inji ya kame. Garin neman gira ke nan.

Sai maganar birki, wadda samari ba su son ji domin ba ta da ruri. Lissafin ba na Alhaji ba ne, na Allah ne: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Kupe na da birkin faifai a ƙafa huɗu, abin alfahari a zamaninta, amma robobin da ke kai mai ga ƙafafun sun tsufa, shi kansa man birkin yana shan danshi a hankali, shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a canja shi duk shekara 2. Wanda ya sha ruwa, in ya yi zafi sai ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa kamar ka taka auduga. Lungunmu kuwa cike yake da ƴan lakol da awaki da masu tura ruwa. Wanda ya ƙara ma mota dawakai bai fara sabunta robobi da faifai da tayu ba, ba da ransa kaɗai yake caca ba.

Ga ma'aikata kuma akwai takarda. Kart-griz na ɗauke da ƙarfin mota da irin man da take sha. Dokar asirans ta CIMA, wadda ƙasarmu ke cikinta tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992, ta wajabta ma mai mota ya sanar da kamfaninsa duk canjin da ya ƙara haɗari, wanda kuma ya ɓoye da gangan yarjejeniyarsa na iya rushewa. Ranar lafiya babu mai buɗe bone ya duba. Ranar da aka buge ɗan wani, za a buɗe.

Kada a ɗauka ina cewa a bar tsohuwar mota yadda Nasaru suka yi ta, a riƙa shafa mata mai kamar amarya. Shi kansa Alhaji ya canja abubuwa. Motar ta zo da famfon Kugelfischer mai fesa mai cikin inji, na'ura mai kyau amma mai tsantsami, wadda ƙura da man ruwa-ruwa na kwalba suka gama da ita, kuma ba a samu mai iya saita ta ba. Ya cire, ya sa karbirata irin na babbar 504, mota ta rage ƙarfi kaɗan amma tana tashi kullum. Fankar inji, wadda asalinta sai ruwa ya yi zafi take kamawa, ya ɗaure ta tana juyi koyaushe, domin zafin Afirilu da Mayu a Yamai yana wuce digiri 40. Ya ƙara matatar mai ta biyu. Amma ga inda ya bambanta da masu gyaran ganga: bai yanke komai ba, bai huda komai ba, kuma tsohon famfon na nan naɗe cikin zane a kwali, tare da bututunsa da kusoshinsa. Ka'idarsa ita ce duk canjin da ba za a iya mayarwa ba, ba gyara ba ne.

Kuma ya ƙi abu ɗaya da kusan kowane garaji ke yi, wato cire kalorista a jefar da sunan maganin zafi. Ƙaramin abin nan aikinsa shi ne ya riƙe ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe. In an cire shi, inji na daɗewa cikin sanyi da safiyar hunturu, yana shan mai yana cin kansa, ciwon da ya kawo zafin kuma yana nan inda yake: radiyata da ta toshe da ƙasa da gishirin ruwan famfo, ko murfin da ya daina riƙe iska. Kan injin Peugeot na alminiyum ne, ruwan famfo zalla yana cin sa a ɓoye.

Ni kaina na biya kuɗin makaranta a wannan fanni, bari in tona asirina. Shekarun baya, bayan faɗuwar darajar Sefa ta Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20, kayan gyara suka ninka, albashi kuma yana zuwa in ya ga dama, na ce ni ma zan canja juwan kilas na tawa 504 da hannuna. Na cire kan inji lafiya. Sai karambani ya sa na juya injin domin in goge bisan piston. Ban san cewa tukwanen da piston ke hawa da sauka a ciki zaune kawai suke cikin ruwa ba, kan inji ne ke danne su, kuma sai an ɗaure su kafin a juya. Suka motsa, abin da ke toshe gindinsu ya saki. Na mai da komai, na ɗaure kusoshi da ƙarfin tuwo babu kilen awo, na yi wanka ina jin kaina. Kwana uku baya na zaro sandar duba mai, na iske mai ya zama kamar kunun gyaɗa. Alhaji ne ya zo da littafin gyaran motar, wanda ya yi baƙi da yatsu, ya nuna mini shafin da zanen jerin ɗaure kusoshi yake, ya ce, "Malam, kai da ke rubutu a jarida, karatu ne ya gagare ka?" Tun ranar kuma ya hana ni shiga ƙarƙashin mota tana bisa kirik kaɗai, sai an sa mata ƙafafun ƙarfe.

Yaron ya kawo hujja mai ƙarfi, dole in ba shi gaskiyarsa. Ya ce ai tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi 26 ga Disamba 1978 ya ratso Agadas da Yamai, masu sha'awa ne suka cika shi da motocin da suka gyara da hannunsu. Haka ne. Wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shigo da ƴar ƙaramar Renault 4 mai jan ƙafa huɗu, suka zo na uku da ita a 1980, suka ci tseren a 1982 da Renault 20 da suka harhaɗa. Amma su sun san abin da kowane canji zai jawo ma sauran gaɓoɓin mota, kuma a hamada suka yi gudunsu. In yaro na son ya koyi wannan, 505 da 205 da suka gaji suna nan birjik, ya ɗauki ɗaya ya yi yadda ya so, can bayan gari. Wadda ba a ƙera dubu 40 nata ba, ba allon koyon rubutu ba ce.

Akwai kuma wanda ke jiran gardamar ta yi tsami. Wani ɗan kasuwa ya zo gidan sau biyu, yana cewa yana da mai saye a Turai, inda irin waɗannan motoci suka zama kayan tarihi, ana neman su ana biya. Tambayarsa ta farko ita ce ko injin na asali ne, ta biyu ko famfon na nan. Kuɗin da ya faɗa sun isa su yi rufin ɗakuna biyu da damina ta lalata, kuma uwargida ta ji da kunnenta. Mai ritaya ba ya raina irin wannan magana, balle kayan gyara da suka ƙara tsada bayan rufe iyakar Benin a 2023. Alhaji ya ce zai yi shawara, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Lahadin da ta wuce na leƙa, sai na ga ƙafafu huɗu a ƙarƙashin motar. Injin 505 na nan a gefe bisa tsohuwar taya, an rufe shi da buhu, ba a mayar ba kuma ba a sa ba. Sababbin robobin birki sun iso daga Kano. Aka ce in shiga in zauna a kujerar direba, in taka feda sau uku in riƙe, uban na buɗe kusar fitar da iska, ɗan na riƙe da kwalba yana kallon kumfa.

"Baba, har yanzu tana fitowa."

"To a sake. Malam, taka."