Tambarin adalci bai san hanyar Isa ba

Ƙanena da ke karatu a Ingila ya kawo mini tsarabar cakulan. A jikin ledar akwai ɗan tambari shuɗi da kore, an rubuta Fairtrade. Ya ce Bature na ƙara kuɗi saboda shi, don ya tabbata manomin koko bai yi aikin baban giwa ba.

Ba tatsuniya ba ce. A 1988 aka fara abin a Holan, da sunan Max Havelaar, kan gahawar manoman Meziko. Ana yanka wa amfanin gona farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba ko da kasuwa ta karye, a ɗora wani ƙari da ƙungiyar manoma za ta zuba a rijiya ko makaranta. Manoman Kuapa Kokoo na Gana har hannun jari suka mallaka a kamfanin cakulan na Divine.

Na yi ta juya ledar ina tuna manomin wake na Sabon Birni. Kafin a ba ka tambarin sai kana cikin ƙungiya mai rajista da littafin lissafi, sai mai bincike ya zo har gona ya gani da idonsa, kuma ku za ku biya kuɗin zuwansa. To wane mai bincike zai hau hanyar garin Isa, yankin da aka ƙone matafiya cikin mota a Disamba 2021? Manomin nan ya riga ya biya nasa kuɗin izini, ga masu bindiga: kafin shuka ya biya, kafin girbi ya sake. Sarkin Gobir na Gatawa ma bai tsira daga hannunsu ba a 2024, balle talaka mai kalme.

In ma waken ya kuɓuta, akwai wani shingen. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari, irin fiya-fiyar da ake yayyafawa a sito. Wannan kam laifinmu ne, kada mu ɗora wa Bature.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne suna. Ƙarni bayan ƙarni fatar jar akuyar Sakkwato ke ƙetare Sahara, Turai na saye tana kiranta fatar Maroko. Yau ma buhunmu na barin Gobir babu ko rubutun gari a jikinsa, dillali ne ke raɗa masa suna a kasuwa ta gaba. Maƙwabtanmu na Nijar sun farga, sun yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajistar asali, sunan wuri ya zama dukiya. Wannan bai buƙatar tausayin mai saye a Landan. Ƙungiya yake buƙata, da ma'aunin da ba a ƙware, da buhun leda mai hana iska shiga a madadin guba, da ƙaramar hukumar da za ta tsaya wa manomanta.

Na shanye cakulan ɗin, ba laifi, akwai daɗi. Ledar kuwa na ba wani sakataren ƙungiyar manoma da ya yi gudun hijira zuwa Sakkwato. Ya duba ta gaba da baya, ya tambaye ni ko masu tambarin suna raka mutum gona.