Jiki Ya Yi Gaggawa Ko Ya Yi Jinkiri, Ba Laifin Yaro Ba Ne

A zangunanmu, daga Savelugu zuwa Yendi, Salaga da Bawku, da zarar yarinya ta fara ƙirgen dangi sai idon unguwa ya dawo kanta. Ko shekara bakwai gare ta, tana ɗauke da tiren talla, za ka ji wata ta ce "ai ta girma", wata ta ƙara da "a sa mata ido, ta fara sanin maza". Wannan ƙazafi ne, kuma yana ci mini rai. Yarinyar da har yanzu uwarta ke mata wanka, me ta sani?

Likitoci sun ce idan alamun balaga suka bayyana ga mace kafin shekara 8, ko ga namiji kafin 9, a kai a duba. Sau da yawa ba a samun wata cuta ga 'yan mata, wani lokaci ƙiba ce ke gaggauta abin. Amma yana iya zama matsala a ƙwaƙwalwa, musamman ga maza. Idan aka yi sakaci, ƙashi yakan daina tsawo da wuri, yarinyar da ta fi sa'o'inta tsayi ta ƙare gajera. Akwai allurar da ke dakatar da abin har lokacinsa ya yi. Aure kuwa ba magani ba ne, kuma dokar yara ta Ghana ta 1998 ta hana aurar da wanda bai kai 18 ba.

Wanda jikinsa ya yi jinkiri shi ma yana shan nasa. Abokai muryarsu ta buɗe, gemu ya fara tsiro, shi kuwa shiru, ana ta tsokanarsa a makaranta har ya daina shiga mutane. A gida sai a ce sammu ne, a yi ta ɗirka masa jiƙe-jiƙe. Alhali galibi gado ne, ko rashin abinci mai gina jiki, ko doguwar cuta irin sikila. Namijin da ya kai 14 ba alama, macen da ta kai 13 ba ƙirgen dangi ko 15 ba ta ga al'ada ba, likita ya kamata ya gan su.

Malamanmu na Malikiyya ma sun san jiki yakan jinkirta, shi ya sa suka sa shekara 18 a matsayin balaga ga wanda alamu ba su bayyana gare shi ba.

Kunya ce ke hana mu magana, na sani. To amma idan uwa ba ta zaunar da 'yarta ba, uba bai ja ɗansa gefe ba, a bakin wa za su ji? Iyaye, ku kai su asibitin Savelugu, in da buƙata a tura ku asibitin koyarwa na Tamale. Maƙwabta kuma, don Allah ku kama bakinku a kan 'ya'yan mutane.