Waya Da Amana A Sana'ar Cikin Gida

A wannan mako zancenmu a kan sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne, wadda ta rufa wa gidaje da yawa asiri a ƙasar Hausa.

Kafin kwalbar mai guda ta isa wurin mai tuyar ƙosai, ku duba yawan hannuwan da take ratsawa. Manomi ya noma gyaɗa, ɗan kasuwa ya kai ta babbar kasuwa irin ta Dawanau a Kano, mai awo ya saro ya kawo unguwa, uwargida ta saya ta soya, ta aika wa mai inji ya markaɗa, ta matse mai ta toya ƙuli-ƙuli, sa'an nan mai shago ko mai tuya su karɓa. In ɗaya daga cikinsu ya saɓa alkawari, to, sauran duka sun kwana da asara. Ran da mai inji ya riƙe markaɗe, washegari mai ƙosai ba ta da man tuya.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, wannan ciniki ya sami sauƙi ƙwarai. A da, matar da ke cikin kulle ba ta san farashi ba sai abin da ɗan aike ya gaya mata. Yau kuwa tana ɗakinta za ta ji nawa ake sayar da kwano a kasuwa, ta tura kuɗi, a sauke mata buhu a ƙofar gida.

Amma fa waya 'yar aike ce kurum, abin da aka ba ta shi take kaiwa, gaskiya ko ƙarya. Ana iya turo miki hoton gyaɗa jajir, in buhu ya iso ki tarar ƙasansa duk mai fumfuna ce, irin wadda likitoci suka tabbatar tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta. Ana kuma iya nuna miki saƙon banki na jabu, a kwashe miki mai a tafi. Don haka ni a ganina jarin wannan sana'a na farko shi ne amana tsakanin masu hulɗa, waya tana biye.

Mun ga shaida a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta ɓace, turawa ta waya kuma sau da yawa sai ta maƙale. Wadda ta saba biyan bashi a kan lokaci, mai awo ya auna mata ya ce ta kawo in hali ya yi. Wadda kuwa kullum take sauya abokin ciniki saboda rangwamen naira kaɗan, wa zai ɗaga mata ƙafa?

To, uwargida, ga shawara. Ki riƙe masu awo biyu da kika yarda da su, domin in ɗaya ya rasa kaya kada tukunyarki ta huce. In kin yi alkawarin biya ran Juma'a, ki cika. In abin ya gagara, ki buga waya tun ran Alhamis ki faɗi gaskiya. Kada ki saki kaya sai kin duba asusunki da kanki kin ga kuɗi sun shiga. Ke ma kada ki gauraya man gyaɗa da wani mai, domin mai tuya za ta gane tun daga kaskon farko.

Ku kuma 'yan makaranta, ku sami littafi ku riƙa rubuta wa iyayenku abin da aka saya, da abin da aka sayar, da wanda ake bi bashi. Lissafin da ake koya muku a aji, ga inda zai fara amfani. Iyaye kuwa, tun da masu saye suna iya bugo waya su aiko a karɓa, yarinya ta ajiye farantin talla ta koma aji.

Allah ya sa wa sana'armu albarka. Sai mako mai zuwa.