Ruwan da ya Malala a Fadama Ba Asara Ba Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu masu tsara ayyukan ruwa, wai duk ruwan da ya bar kogi ya malala cikin fadama ya tafi a banza, gara a tare shi a madatsa a yi noman rani da shi. Maganar tana da daɗin ji, amma ilimin halittu bai goyi bayanta ba. Hujjata kuwa ita ce abin da ya faru da fadamun Haɗeja da Nguru.

Bari mu fara da yadda wurin yake. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Idan kogunan biyu suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi, sai su rarrabu cikin ƙoramu da tafkuna, daga bisani su tattaru su zama Kogin Yobe, wanda ke zuba cikin Tafkin Chadi. A can dā, ruwa kan cika fadamun daga watan Agusta zuwa Satumba, sa'an nan ya janye a hankali cikin rani.

Wannan cika da janyewa shi ne ruhin wurin. Idan ruwa ya malala, tarwaɗa da karfasa sukan shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu su sami abinci da mafaka. Manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwan, in ya janye ya bi danshin da wake da alkama da kayan lambu. Bayan girbi Fulani su sauko da shanu, kashin shanun ya zama taki. Wani kaso na ruwan kuma yana tsuma cikin ƙasa, shi ne yake raya rijiyoyin garuruwa masu nisa da kogi, shi ne kuma goriba da bagaruwa suke sha. Cikin hunturu tsuntsaye dubbai sukan taso daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka su tarar da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. Irin wannan sarƙaƙiya, inda rayuwar kowace halitta ta rataya a kan ta wata, ita ce muke koya wa ɗalibai a darasin muhalli. Saboda muhimmancin wurin ne a shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971.

To, a 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Daga nan Kogin Haɗeja ya sauya hali. Ambaliyar damina ta ragu domin an tare ta, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980 da ya ƙara dagula al'amari. Fadamun da ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a wasu shekaru na 1960, sun zo ba sa samun ko rabin haka. A ɗaya gefen kuma, ruwan da ake saki domin noman rani ya sa wasu ƙoramu sun daina bushewa sam.

Nan ne kachalla ta sami gindin zama. Wannan ciyawa, wadda masana ke kira Typha, tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Dā rani ne yake karya ta. Da rani ya daina busar da ƙoramu sai ta bazu, ta rage gudun ruwa, laka ta taru a gindinta, hanyoyin ruwa suka toshe. Sakamakon haka ruwa ya karkata ta mashigin Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki, alhali wasu garuruwan suna kukan ƙishi. Masunci ba ya iya tura kwalekwale, jan-baki ya sami wurin kwana yana far wa shinkafa da gero, sauro da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya suka yawaita. Dubi yadda sauya lokacin zuwan ruwa kawai ya taɓa kifi da tsuntsu da hatsi da lafiyar mutum.

Ga kuma ƙazanta. Masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa a Kano suna amfani da sinadarin kuromiyam wajen gyaran fata. Idan aka saki ruwan jima ba a tace shi ba, wannan sinadari ba ya ruɓewa kamar ganye. Yana kwanciya cikin laka, yana shiga jikin kifi da kayan lambun da aka yi wa ban-ruwa, daga nan ya iso kwanon tuwo.

Na san abin da mai kare madatsa zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Birnin Kano yana shan ruwan waɗannan madatsu, manoman Kadawa da Kura suna noma tumatir da shinkafa da alkama albarkacin Tiga. Ba mai hankalin da zai ce a rushe su. Amma a lura, a farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna amfanin fadamun ta fuskar noma da su da itacen girki, suka tarar cewa duk ma'aunin ruwa ɗaya da ya isa fadama yana samar da arziki wanda ya ninka abin da yake samarwa a babban aikin ban-ruwa na Kano nesa ba kusa ba. Ke nan tare ruwa a sama ba ƙirƙirar arziki ba ne kawai, har da ɗauke shi daga hannun Bade da Manga da Hausawa da Fulanin da ke ƙasa.

Ra'ayina shi ne a riƙa gudanar da madatsun bisa tsarin da kogi ya saba. A saki ruwa mai yawa cikin damina bisa ƙa'ida da sanarwa, a rage shi cikin rani har ƙoramu su bushe na ɗan lokaci. Yanke kachalla da yashe hanyoyin ruwa suna da amfani, amma muddin ruwa na kwance duk shekara za ta sake tsiro. A tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin ya bar harabarsu. Kuma duk wata shawara a kan madatsar Kafin Zaki, wadda aka daɗe ana batun ginawa a kan Kogin Jama'are, a yi ta da sanin cewa shi ne kogin da ya rage yana kawo ambaliya a kan lokacinta.

Malamai kuma ina roƙonku kada darasin muhalli ya tsaya a allo. Ku kai ɗalibai fadama ko kududdufi mafi kusa, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. Su ƙirga irin tsuntsaye da ciyayin da suka gani, su tambayi tsofaffin masunta kifayen da suka daina kamawa, su rubuta da kwanan wata. Makarantar da ta riƙe irin wannan littafi shekara goma ta tara shaidar da hukuma za ta iya aiki da ita. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya danƙa mana.