Kwali Guda Don Noti Ɗaya?

Wani marubuci ya ce mai gyaran gida ya daina wahala a Ƙofar Ruwa, ya nufi kantunan kamfanoni na Sharaɗa, Challawa da Bompai: farashi ɗaya, ga rasit, babu jabu.

Rasit kam akwai. Amma wanda famfonsa ke yoyo, kwali guda zai saya? Can sari aka sani. Yaron kanti lambar kaya yake tambaya. Ka rasa ta, ya ce babu.

A Ƙofar Ruwa ka miƙa tsohon noti, dattijo ya juya shi, ya zaro ɗan'uwansa. Kuɗin adaidaita zuwa Challawa fa, wa zai biya? Jabu kuwa, wanda zai gan ka gobe ya fi jin kunyar sayar maka da shi.